Ya San Sautin Baƙaƙe Amma Ya Kasa Haɗa Kalma, Abbansa Na So A Sauya Masa Makaranta

Assalamu alaikum Malama. Babban yarona shekararsa shida da wata huɗu, yana aji ɗaya na firamare a wata makarantar kuɗi. Tun yana nazare suke koya musu abin da suke kira foniks, wato koyon karatu ta sautin baƙaƙe. Idan aka nuna masa baƙi zai yi sautinsa har da waƙa da motsin hannu, amma da an jera masa baƙaƙe uku sai ya tsaya cak. Zai ce s, a, t, daga nan ya kalli fuskata ko hoton da ke shafin ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Littafin da suke ba shi kuwa ya haddace shi kaf, ko a rufe zai karanto miki. Abbansu ya ce wannan wasa ne ba karatu ba, shi da A B C D ya fara kuma har jami'a ya je. Kullum bayan isha'i yakan zaunar da shi yana koya masa sunayen baƙaƙe, in ya kuskure ya daka masa tsawa, wani lokaci har da ranƙwashi. Antinsu kuma, wato malamar ajinsu, ta aiko cewa mu daina, muna rikita shi. Ga 'yar ƙanin mijina mai shekara huɗu tana rera A B C har Z, surukata ta fara cewa nawa ba shi da kai. Yanzu da ya ga littafi sai ya ce cikinsa na ciwo. Abbansu na so a cire shi daga makarantar. Na rasa bayan wa zan bi, kuma ina tsoron ko wani abu ne ke damun ƙwaƙwalwarsa.

Wata uwa, daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya mana yaron nan, ya yi masa albarka. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai. Yaron da ya riƙe sautin baƙaƙe da motsinsu, ya kuma haddace littafi daga bango zuwa bango, kansa na ja sosai. Abin da wasiƙarki ta nuna shi ne ya maƙale a mataki guda, wato haɗa sautuka su zama kalma, kuma a daidai nan yara da yawa suke cijewa, har da masu kaifin basira. Ciwon cikin ma kada ki ɗauke shi ƙarya. Fargaba na murɗa cikin yaro da gaske, kuma muddin yana jiran ranƙwashi, hankalinsa na kan hannun Abbansa, ba ya kan takarda.

Karatu ta hanyar sauti kamar murhu yake, duwatsu uku ne ke riƙe da tukunyar. Na farko sanin sautin kowane baƙi. Na biyu haɗa sautukan su ba da kalma, shi ne karatu. Na uku tsinka kalmar da aka ji zuwa sautukanta, shi ne rubutu. Ɗanki ya samu na farko, sauran biyun ne ba su zauna ba. Idan za ki yi wa maigida bayani, ki ɗauko masa misalin da ya sani tun yana makarantar allo. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya san kowane harafi da sunansa, amma ba wanda zai ce ya iya karatu sai ya shiga farfaru, inda ake ɗora wasali a kan baƙi a ce ba, bi, bu. To yaronku ya sauke babbaƙunsa na boko, farfarun ne ba a zaunar masa da su ba.

Abbansu bai yi laifi da ya damu ba. Shi ke biyan kuɗin makaranta, kuma uban da zai zauna da ɗansa kowane dare a kan littafi abin godiya ne. Sunayen baƙaƙe ma suna da amfaninsu, da su ake faɗa wa mutum yadda ake rubuta suna, da jerinsu ake duba ƙamus, kuma waƙar A B C ba ta cutar da kowa. Matsalar tana zuwa ne lokacin karanta kalma. Ki rubuta masa cat, ki roƙe shi ya faɗi sunayen baƙaƙen da sauri: si, ei, ti. Ko sau ɗari ya maimaita, kalmar ba za ta fito ba. Haka w da ake kira dabulyu, da h da ake kira eic, da y da ake kira wai, sunansu bai fara da sautin da suke yi a cikin kalma ba. Waɗanda suka koya ta wannan hanya suka iya, su suka gano sautukan da kansu a hankali, wasu 'yan ajinsu kuma ba su gano ba har aka bar su a baya. Yarinyar da ke rera A zuwa Z ta iya waƙa, Allah ya ƙara basira, amma rerawa daban, karatu daban, kuma babu amfanin a auna su a sikeli ɗaya.

Antinsu ma tana da gaskiya rabi. Gaskiya ne yaro na rikicewa in da safe an ce masa wannan baƙin sss yake yi, da dare kuma a ce sunansa es, ba tare da an bambance masa ba. Amma yaron da ya shekara biyu yana foniks bai haɗa baƙi uku ba, akwai abin da ya kamata a duba a ajin ma. Tun da kin ambaci waƙa da motsin hannu, da alama suna bin tsarin Jolly Phonics ko makamancinsa. Daga Ingila ya fito, yana koyar da sautuka 42 na Turanci cikin rukuni bakwai, rukunin farko shi ne s, a, t, i, p, n. An zaɓi waɗannan shida ne don yaro ya fara haɗa kalmomi tun a makonnin farko: sat, pin, tap, sit, pan. Abin da ke faruwa a azuzuwa da yawa shi ne waƙa da rawa su cinye darasin saboda sun fi daɗi, haɗawa kuma a yi ta da baki ɗaya, malama ta faɗa yara su amsa, wanda bai gane ba ya ɓuya a cikin hayaniyar. Sai kuma a aiko da littafi gida mai kalmomin da ba a koyar da sautukansu ba, dole yaro ya koma hadda da kallon hoto.

Kafin komai ki gwada shi, cikin wasa, ba a gaban kowa ba. A Ingila tun 2012 ake yi wa yara masu kimanin shekara shida gwajin kalmomi 40 a ƙarshen aji ɗaya, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, don a rarrabe mai karantawa da mai hadda. Ke goma sun ishe ki. Ki rubuta biyar na gaske da ba sa cikin littafinsa, kamar tin, nap, tip, ant, pat, da biyar na ƙirƙira kamar tas, nis, san, da tep idan sun riga sun koyi sautin e. Babu hoto, babu taimako. Ki lura ko sautin ne yake mantawa, ko yana faɗarsu daidai amma ba sa haɗuwa. Ki adana takardar da kwanan wata, za ki buƙace ta nan gaba.

Ki kuma saurari yadda yake furta sautukan, don a nan babbar ɓarna take ga yaranmu. Bakin Bahaushe bai saba barin baƙi tsirara ba, sai ya maƙala masa wasali, shi ya sa muke cewa buredi da sukurudireba. Yaro sai ya ce su, a, tu, in ya haɗa ya samu suatu, kalmar da babu ita, sai ya kalli fuskarki. Sautuka irin su s, m, n, l, f ana jan su ne ba wasali: sss, mmm, nnn. Su kuma t, p, k, b, d ana yanke su gajeru ƙwarai, kamar an tsinke zare. Ki roƙi antinsu ta ɗauko miki muryarta tana furta su ta turo ta WhatsApp, ki saurara ke ma ki gyara naki. Idan ita ma tana ƙara wasalin, kin gano inda gizo ke saƙar.

Yanzu ga aikin. Mako na farko ki ajiye littafi da biro gaba ɗaya, a yi da kunne kawai, kina girki ko kina yi masa wanka. Ki ce masa za ki yi magana a gutsure shi kuma ya gano: ɗauko min ta...sa, ina bu...ta, wa ya ci ma...sa? Gaɓa gaɓa ya fi sauƙi, da ita ake farawa. Idan ya ƙware ki ƙara gutsurawa: mmm...aaa, me na ce? sss...aaa...mmm...aaa, me na ce? Ki tambaye shi wane sauti ne a farkon sunansa, a farkon nono, a farkon sabulu. Yaron da bai iya haɗa sauti da kunne ba, ba zai haɗa da ido ba, kuma wannan matakin ne aka fi tsallakewa.

Mako na biyu ki yanka kwalin shayi ko na sabulu gida gida kamar faɗin tafin hannunsa, ki rubuta ƙananan baƙaƙe da maka, ɗaya a kowane kati. Ƙananan nake nufi, don su ne suka cika littafi, manyan za su zo daga baya. Shawarata ki fara haɗawar da Hausa, ko da makarantar Turanci take koyarwa. Dalili kuwa, rubutun Hausa mai riƙon amana ne, wasula biyar ne kuma kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake yi duk inda ya je, alhali Turanci baƙaƙe 26 ne ke ɗauke da sautuka sama da 40. Sannan yaron da ya haɗa n, a, m, a ya ji nama ya fito daga bakinsa, nan take ya san ya dace, za ki ga fuskarsa ta washe. Wanda ya haɗa nap kuwa bai san ko ya yi daidai ba, don bai san kalmar ba. A kan wannan tunani aka gina shirin Mu Karanta a jihohin Bauci da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, inda yaran ƙananan azuzuwan firamare suka fara karatu da Hausa. Dabarar haɗawa guda ce, in ya same ta a Hausa zai tafi da ita Turanci.

Ki zaɓi baƙaƙen da sautinsu ya yi kusa a harsunan biyu: a, i, m, n, s, t, k. Ki ajiye m da a nesa da juna a kan tabarma, ki ja sautin m kina tura katin a hankali har ya taɓa a, ba tare da kin ɗauke numfashi ba: mmmaaa, ma. Rashin yanke numfashin nan shi ne sirrin. Idan ya tsaya tsakanin sauti da sauti, kafin ya kai na uku ya manta na farko. Ku yi ma, na, sa, mi, ni, si, sannan ta, ka, ti, ki. Daga nan gaɓa biyu: nama, sama, masa, tasa, nisa, kaka, mata, kati. Cikin 'yan kwanaki za ki iya rubuta masa jimla sukutum da baƙaƙen nan kaɗai: Kaka ta sa nama a tasa. Mama tana nan. Idan ya karanta ki tambaye shi wa ya sa naman, a ina, don ya san ana karatu ne domin a ji abin da aka ce.

Idan wannan ya zauna, ku koma Turanci da salo ɗaya. A haɗa biyun farko tukuna, sannan a ɗora na ƙarshe: sssaaa, sa, sat. Yatsansa na bin ƙasan baƙaƙen daga hagu zuwa dama, abin lura ga yaron da ke zuwa Islamiyya inda ake farawa daga dama. Kowace kalma ki nuna masa ma'anarta, ga tin gwangwani, ga tap kan famfo, ga pin a jikin mayafinki. Katunan Hausa su zauna a gwangwani ɗaya, na Turanci a wani, ki riƙa faɗa masa da wane harshe za ku yi yau. Wannan zai taimaka ranar da kuka iso c, wadda a Hausa take yin sautin farkon kalmar ciki, a Turanci kuma ta fi yin k, da u wadda a cup ba ta yin sautin da take yi a tudu. Ki jinkirta waɗannan biyun sai haɗawa ta kama.

Akwai p da f, kuma p na cikin rukunin farko, don haka da wuri za ku ci karo da ita. Hausa ba ta bambanta su ba, shi ya sa pan da fan suke zama abu ɗaya a bakinmu. Ku tsaya gaban madubi: a f ta Turanci haƙoran sama suna sauka a kan leɓen ƙasa iska na fita a hankali, a p kuwa leɓuna biyu ne ke rufewa su fashe. Ki riƙe 'yar takarda marar nauyi gaban bakinsa, p za ta sa ta yi tsalle. Juya b da d kuma abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai. Kada ki koyar da su a mako ɗaya, kuma ki sa ya riƙa rubuta su da yatsa a farantin rairayi yana furtawa: b daga sanda take farawa, d daga ƙwallo. Kalmomi irin su the, said, was, you da ba sa bin ƙa'ida, biyu a mako sun isa, ki gaya masa kai tsaye cewa waɗannan masu taurin kai ne.

Zama ɗaya kada ya wuce minti goma sha biyar, sau biyar a mako. Minti biyu a bita katunan da ya sani, uku wasan kunne, biyar haɗa kalmomi shida zuwa takwas, uku shifta, sauran a karanta jimla ɗaya. Shiftar kalma uku ce kawai: ki ce tasa, ya ajiye marfin kwalba ɗaya a kan kowane sauti da ya ji, huɗu ke nan, sannan ya rubuta. Bayan isha'i ya yi dare ga yaron da ya yi boko da safe ya yi Islamiyya da yamma. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ko da bayan magariba ne kai tsaye. Idan ya kuskure kada ki ce a'a, kada kuma ki faɗa masa kalmar. Ki ɗora yatsa a kan baƙin da ya ɓata ki ce wannan me yake cewa, ku sake ja tare. Ki rufe hoton da tafin hannu har sai ya karanta, sannan ki buɗe ya ga ya dace. Ku tashi a kan kalmar da ya iya.

Game da maigida, ki same shi ku biyu, ba a gaban yaron ba, ba kuma da saƙon antinsu a bakinki ba, don kada ya ji kamar an haɗa masa kai da bare. Ki fara da yaba ƙoƙarinsa, sannan ki roƙi alfarmar mako shida ba tsawa ba duka, a ga abin da Allah zai yi. Kada ki cire shi daga aikin, ki sauya masa kujera ne kawai. Shi zai karanta wa yaron labari ko ya ba shi tarihi da dare, ya tambaye shi me ya faru, don sauti kaɗai ba ya cika karatu sai da yawan kalmomi da fahimta. Ranar Asabar su rera A B C ɗinsu, yana gaya masa cewa kowane baƙi na da suna kuma yana da kuka, kamar yadda akuya sunanta akuya amma kukanta mee, kuma da kukan ake karatu. Ranar da yaron ya karanta jimlarsa ta farko, Abbansa za ki fara kira, gani ya kori ji.

Hajiya surukarki kuma ba a ja-in-ja da ita. Ki roƙe ta addu'a, ki ce mata malamai sun ce tatsuniya da kacici-kacici da karin magana suna buɗe kan yaro, ki tura mata shi ta riƙa yi masa. Ki nemi maigida ya gaya mata cikin ladabi cewa yaron na jin abin da ake faɗa a kansa, don maganar ta fi kyau daga bakin ɗanta. Kalmar ba shi da kai in ta zauna a zuciyar yaro ta fi b da d wuyar gyara.

Makaranta kuma ki je da kanki, ki nemi minti goma da antinsu bayan an tashi. Ki tambaye ta sautuka nawa suka yi kuma a wane jeri, minti nawa ake haɗa kalma kullum, sau nawa a mako take sauraron ɗanki shi kaɗai, kuma ko za ta riƙa aiko da kalmomin da aka gina da sautukan da suka riga suka koya maimakon littafin da ya fi ƙarfinsa. Ki nuna mata takardar gwajinki. Malamar da ta san aikinta za ta ji daɗin tambayoyin nan. Sauya makaranta a tsakiyar shekara ban goyi baya ba yanzu, don sabon wuri sabon tsoro ne, kuma ba ku da tabbacin can sun fi. Idan zango guda ya wuce kuna yi a gida, makarantar kuma ta ƙi motsawa, to maganar Abbansu ta samu hujja. A lokacin ku shiga aji ɗaya na makarantar da kuke so ku ga ko yara na karanta kalmar da ba su taɓa gani ba. In za ku ɗauki malamin lesin, ku sa ya furta s da t a gabanku kafin a yi ciniki.

Tun yanzu ki lura da kunnensa da idonsa. Idan yana yawan ciwon kunne ko kunnen na zubar da ruwa, yana yawan cewa na'am sai an maimaita, ko yana matso da takarda daf da fuska yana tsuke ido, ki kai shi asibiti a auna, kada a jira. Idan kuma waɗannan lafiya lau, kun yi wata uku ba fashi amma har yanzu wasan kunne na gagararsa, sautin da ya koya jiya ya ɓace yau, musamman in akwai wanda ya sha wahalar karatu a dangi, ki nemi likitan yara a babban asibiti ya tura ku ga masu gwajin matsalar koyon karatu da ake kira disleksiya. Ba taɓin hankali ba ce, ba kuma daƙiƙanci ba, kuma wannan hanyar ta sauti ce dai ake bi da su, sai dai a hankali da yawan maimaici.

Ki fara wasan kunnen yau da daddare wajen cin tuwo, katunan su jira zuwa ƙarshen mako. Bayan mako shida ki sake yi masa gwajin da sababbin kalmomi goma, ki ajiye takardun biyu gefe da gefe a gaban Abbansa, sannan ki rubuto min nawa ya karanta da kuma waɗanne sautuka ne suka ba shi wuya, mu ga inda za a ɗora.